Kadadar da Ta Ƙone Tumatirin Surukina

Edita, ina gaisuwa. Lokacin da abin nan ya faru ina noman rani ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, kuma karatuna bai wuce aji shida na firamare ba. Ni mutum ne mai yawan waswasi. In na yi alwala sai na tsaya tunanin ko na wanke ƙafar hagu, in na tare ruwa a gona sai na koma na duba. Shi ya sa da aka saka mini manhajar nan ta AI da ake hira da ita a waya na ji daɗi, na samu wadda zan yi ta tambaya ba ta gajiya da ni.

Wata rana na tambaye ta yawan takin yuriya da zan zuba wa tumatir kadada ɗaya. Adadin da ta ba ni ya tayar mini da hankali, na matsa da tambaya, ashe hekta take nufi. Na gyara mata, na ce mu nan in muka ce kadada eka muke nufi, kuma hekta ta ninka eka fiye da sau biyu. Ta ba ni haƙuri, ta ce ta gane, ta sake lissafi daidai. Na ɗauka shi ke nan, an faɗa mata ta riƙe, kamar mutum.

Bayan mako uku surukina ya tare ni a bakin kanal, yana tsokanata wai in tambayar masa malamar aljihuna yawan takin da zai zuba wa tumatirinsa. Kadada ɗaya ce gare shi, ita kaɗai ya dasa a shekarar. Na buɗe sabuwar hira na tambaya, ta ba ni adadi, na faɗa masa. Dattijon ya ce shi dai yana ganin kamar ya yi yawa. Na rantse masa cewa ni da kaina na koya mata kadadarmu. Ni da nake duba komai sau biyu, ranar ban duba ba.

Kwana huɗu da zuba takin ganye ya fara ƙonewa ta baki yana nannaɗewa. Na koma wayar, na ga da hekta ta yi lissafi. Na buɗe wata hirar, haka. Na sake buɗewa, haka, kuma kowane karo in na gyara mata sai ta ba ni haƙuri iri ɗaya. Malamin gona ne ya faɗa mini cewa yawanci gyaran da ka yi a cikin wannan hirar yake tsayawa. Wasu manhajojin suna ajiye ɗan abu, amma ba abin dogaro ba ne.

Kwana biyar ina zuwa ƙofar gidan surukina ina juyawa. Da na iya shiga na durƙusa na faɗi gaskiya. Ya ce shi ba waya ya tambaya ba, ni ya tambaya. Har yau in na bi ta gonar nan sai maganar ta dawo mini.

Ban daina amfani da ita ba, amma yanzu kowace hira sai na fara da faɗa mata mece ce kadada, sannan in kai lissafin wajen wanda ya san ƙasarmu. 'Yan'uwana manoma, cewa ta gane ba ya nufin gobe za ta tuna. Kada ku rantse wa kowa a kanta, domin in gona ta ƙone ku ne za ku je ku durƙusa.