Akwatin Kiɗan da Yayana Ya Kankare

Yayana Bhiku Gurav bai iya cewa a'a ba. Ni ƙanwarsa ce, tunda mijina ya rasu nake dafa masa shinkafa, don haka na san abin da nake faɗa. Mutanen ƙauyenmu na kusa da Rajapur suna kiran wannan hali haƙuri. Ni ina da sunan da nake kiransa da shi, amma ba a gaban mutane ba.

Abu ɗaya yayana, wanda nake kira Dada, ya mallaka a duniya, wato paipeti, akwatin kiɗan nan mai maɓallai farare da baƙaƙe, wanda ake taka masa iska da ƙafa biyu. Kakanmu ne ya zo da shi daga Bombay a jirgin ruwa. Harsunan tagullar da ke cikinsa, waɗanda iska ke kaɗawa su ba da sauti, aikin Faransa ne, an daɗe da daina ƙera irinsu. Da damina Dada kan lulluɓe shi da bargonsa, shi ya kwana haka nan. Bai taɓa hawansa ba sai ya wanke ƙafa. In yana kiɗa a haikali, har masu sayar da kwakwa a bakin ƙofa shiru suke yi.

Wanda yake yi wa kiɗan shi ne Narhar-buwa, mai waƙar ibada, ɗan malamin da ya koya wa Dada sana'a. A wajenmu kowane mawaƙi da maɓallin da muryarsa ke tashi daga kai ake saninsa. Yawancin maza baƙin maɓalli na ɗaya ne ko na biyu. Buwa kuwa baƙi na biyar ne, can sama, kuma da shi yake hura hanci. Tsofaffi kan zauna a gaba su leƙa yatsan Dada don su tabbatar.

Da tsufa ya zo, murya ta fara sauka. Wata rana Buwa ya zo gidanmu, ya sha shayina, ya tsotse mangwarona.

"Bhiku, akwatin nan naka ya hau sama. Damina ce ta taɓa shi?"

"Buwa, in ka yarda sai in sauko baƙi na huɗu."

"Ba ka san ana kallon hannunka ba? Hannu ya tsaya inda yake, sauti ya sauko. Ai kai ne mai sana'a."

Dada ya ce to. Da farko ya riƙa zare harsunan yana sauya musu gurbi, kowanne ya matsa gaba. Da gurbi ya daina ɗauka, ya ɗauko magagari. In aka kankare gindin harshe sautinsa na sauka, amma abin da aka kankare ba ya dawowa. Kowace shekara muryar Buwa ta ƙara sauka, kowace shekara ina share garin tagulla a ƙofar ɗaki. Raina ya yi ta ɓaci.

Na ce, "Dada, ka je ka kankare masa maƙogwaro mana, ai shi ne ya lalace."

"Shanta, ɗan malamina ne. Abincin gidansu na ci na girma."

"To kakanka fa, ƙasa ya ba ka ka ci?"

Ya ci gaba da kankara. Harsunan suka yi siriri kamar ɓawon albasa.

A bikin watan Kartik haikali ya cika maƙil. Buwa ya ɗaga murya, Dada ya taka da ƙarfi don ya rufa masa asiri, sai muka ji ƙas. Harshe ɗaya ya karye, wani ya bi shi, sauti ya koma kamar kukan agwagwa. Buwa ya tsaya, ya gyara rawani, ya yi wa jama'a murmushi.

"Ku yi haƙuri, 'yan uwa. Abu in ya tsufa, kamata ya yi ya san ya tsufa."

Aka kwashe da dariya. Yayana, da furfurarsa, ya sauko ya taɓa ƙafar mutumin nan yana neman gafara. Ban san wanda ya fi ba ni ƙyama ba a cikin su biyun.

Bayan nan surukin Buwa ya kawo akwatin kiɗa na lantarki daga Pune, mai wani ɗan maɓalli da ke saukar da sauti yadda kake so. Na ce madalla, ko ba komai za a bar abin da ya rage a cikin akwatin ya huta. Ashe da saura. Buwa ya aiko cewa baƙi daga Mumbai tsohon akwati suke zuwa gani, tsofaffi kuma yatsan Dada suke kallo. Amma kada ragowar harsunan su yi gardama da sabon kiɗa, a cire su duka.

Da hannunsa Dada ya zare su. Ya naɗe su a tsumma, ya miƙo mini, ya ce in ajiye inda ba zai gani ba.

Yanzu duk biki surukin na zaune bayan ginshiƙi da na lantarkinsa. Dada yana gaba, ya wanke ƙafa, yana takawa, yatsansa a kan baƙi na biyar. Tsofaffi na gyaɗa kai suna cewa muryar Buwa ba ta tsufa. Ni a sahun gaba na mata nake zama, kusa da akwatin, kuma abin da nake ji yana fita daga cikinsa iska ce kawai.