Motar da Sannu-Sannu Ya Fasa Sayarwa

Sannu-Sannu muke ce masa, saboda ko mai keke yana iya wuce shi a hanya. Shekara ashirin da ɗaya muna tare. Ni mai gyaran jikin mota ne da fenti, shi kuma direban a-kori-kura, irin ƙaramar nan mai ƙofa biyu da buɗaɗɗen baya. Rumfata tana bakin layin da masu ɗaukar kaya ke tsayawa, kuma bencin da ke ƙofarta ya fi sanin zamansa fiye da nawa. Wata huɗu ke nan da rasuwarsa, amma har yanzu idan na je wurin mai shayi sai in ji bakina ya ce a zuba kofi biyu.

Motarsa fara ce. Da gangan ya zaɓi fara, don a lokacin ita ce ba ta faɗuwa a kasuwa. Yakan ce ba shi da gona, ba shi da shago, wannan motar ita ce ajiyarsa. Ranar da ƙarfi ya ƙare zai sayar da ita, ya buɗe wa matarsa shagon kayan masarufi a ɗakin da ke ƙofar gidansu, su ci abinci da shi. Saboda haka ya riƙe ta kamar jaririya. Ba ya ɗora kaya sai ya shimfiɗa katako a bayanta. Buhun siminti goma sha biyu take ɗauka, ko ɗaya ba ya ƙarawa. Idan mai kaya ya ce, "Haba, saura biyu kacal," sai ya ce, "To, su biyun su hau tasi."

Bara zuciyarsa ta fara ba shi wahala. Likita ya ce ya bar ɗaga kaya, ya rage tuƙi. Ya zo ya zauna a bencin, ya daɗe yana kallon takalminsa, sannan ya ce, "Abokina, lokacin ya yi." Muka wanke motar tare, muka kai ta wurin wani dillali da muka sani.

Ashe a wannan makon wani kamfanin shimfiɗa bututun ruwa ya gama kwangilarsa, ya fitar da motocinsa gwanjo. Guda saba'in, duk farare, iri ɗaya da tasa, shekara ɗaya da tasa. Dillalin ya zagaya motar, ya yaba, sannan ya faɗi abin da bai wuce rabin tsammaninmu ba.

"Wasa kake yi," in ji Sannu-Sannu.

"Baba, ba ni ba ne, kasuwa ce. Kamfani ya saye su a dunƙule da rangwame, ya ci moriyarsu, yanzu ko nawa aka ba shi zai karɓa don a share masa fili. Mai saye yana ganin saba'in a jere, me zai sa ya biya taka da tsada?"

"Waɗancan kowacce direba goma ta gani. Tawa hannu ɗaya ta sani."

"Duk wanda ya kawo min mota haka yake cewa, Baba. Fara dai fara ce. Kowa zai ɗauka ta kamfani ce ka goge tambarin."

A nan na yi kuskuren da har gobe yake ci mini rai. Na ce masa tunda farin ne matsalar, ya bar min ita in mayar da ita shuɗiya, ta fita daga cikinsu. Kwana huɗu na yi a kanta, ban taɓa fenti mai kyau irin wannan ba. Mai saye na farko da ya zo ya buɗe ƙofa, ya ɗaga robar gefe da farce, ya ga farin da ke ƙasa. Ya ɗago ya ce, "Me ta buge?" Na biyu ma haka. A sana'armu sabon fenti a kan tsohuwar mota yana nufin an ɓoye haɗari. Ni na fi kowa sanin haka, don rabin aikin da ake kawo min ke nan, amma son in taimaki abokina ya rufe min ido. Farashinta ya faɗi ƙasa da na motocin gwanjon.

Na kasa haɗa ido da shi. Shi kuwa ya shafa ƙofar ya ce, "Kai dai ka yi mata kwalliya, manema ne ba su da ido." Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Bayan kwana uku sai ga shi da babbar 'yarsa. Shekara biyu da gama makaranta, ta bi ofisoshi da takardunta har takardun sun yi laushi. Uwata yake kiranta.

"Na fasa sayarwa," ya ce min. "Motar ba ta san farashinta ya faɗi ba. Kafinta yana da katakon da za a ɗauka gobe, mai ƙwai yana da ƙwansa. Direba kawai ta rasa."

Na kalli yarinyar. Ta ce, "Baffa, kar ka kalle ni haka. Ni na ce masa zan tuƙa ta."

Mahaifiyarta ba ta so ba da farko. Ta ce layin nan duk maza ne, kuma bakinsu ba linzami. Gaskiya ta faɗa. Layin ma ya cika da sababbin direbobi da suka sayi motocin gwanjon da araha, suna karya kuɗin ɗaukar kaya. Ranar da ta fara zuwa, wani ya ce, "Sannu-Sannu ya kawo mana Tsaya-Tsaya." Ta ce masa, "Ni dai tawa ba a tura ta da safe." Aka yi masa dariya, don kullum sai an tura tasa.

Wata biyu yana koya mata a filin da ke bayan makaranta. Yana zaune a gefenta, magani a aljihu, wani lokaci hannunsa a ƙirji. Ya koya mata sakin kuloci a kan tudu da kaya a baya, da ƙullin igiyar da ba ya kwancewa sai an so, da yadda ake jin taya ta yi sanyi tun kafin a sauka a duba. Na roƙe shi ya bar ni in karɓe shi wasu ranaku. Ya ce, "Kai da kake tuƙi kamar ana bin ka da sanda?" Gwajin lasisi na farko ta faɗi, ta ture duro wajen ja da baya. Da yamma suka koma filin da durona guda biyu. A karo na biyu ta ci.

Daga nan ya bi abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya da ita. Mai bulo ya ce a'a, kai tsaye. Kafinta ya ce zai gwada. Mai ƙwai ya ce, "Idan tuƙinka ta gada, ƙwaina ya tsira."

Ranar da ta fara fita ita kaɗai, ƙwan ta ɗauka. Ya zauna a rumfata, ya ƙi shayi, ya ƙi hira, duk motar da ta karyo kwana sai ya miƙa wuya. Wajen azahar ta dawo. Ta sauko ta ce, "Baba, uku sun fashe."

"Uku? Ni ranar farko tiren ƙwai guda na fasa."

Da ta juya na ce masa ban taɓa jin wannan labarin ba. Ya ce, "Ni ma yau na fara jin sa." Idonsa ya cika da ƙwalla, ya ce ƙurar fentina ce.

Mako biyar bayan haka ya rasu, da safe, a ɗakinsa, yana sa takalmi.

Kwanakin baya dillalin ya zo wurina. Ya ce kasuwa ta fara ɗagawa, rabin motocin gwanjon suna kwance a wurin makanikai, kuma yanzu an gane shuɗiyar nan lafiyayya ce. Ya faɗi farashi mai kyau, ya ce in isar. Na isar. Mahaifiyarta ta ce mai tuƙi ita za ta yanke.

"Baffa, ka ce masa mun gode," in ji yarinyar. "Idan na sayar, sau ɗaya za mu ci. Shagon Mama kuwa a hankali za mu buɗe shi. Na riga na yi magana da kafinta."

Jiya na je na taya su kafa kantoci a ɗakin ƙofar gida. Uku ne kacal tukuna. Mahaifiyarta ta tsaya a tsakiyar ɗakin tana nuna min inda take son na sabulu, da inda buhun shinkafa zai zauna idan ya samu.