Yaya Garba da Ya Ƙi Cewa Ya Warke

Shekara uku ke nan da aka fitar da gawar Yaya Garba daga gidanmu na unguwar Zango, kuma har yau ban daina faɗa a kansa ba. Ni ƙanwarsa ce, tela, an kuma san ni da baki tun ina yarinya. To yau bakin zai yi aiki, don na gaji da jin ana cewa, "Allah ya jiƙan Garba, tun ciwon nan bai sake zama mutum ba." Addu'ar na karɓa da hannu biyu. Sauran maganar kuwa ku riƙe abarku.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne shugaban 'yan dakon da ke sauke dilolin atamfa a bayan babbar kasuwar Wagadugu. Kakanninmu da fatauci suka zo garin nan, amma jarin bai iso kanmu ba, ƙarfi kawai Yaya ya gada. Yakan ɗora dila a wuya yana tafe yana zolayar masu shago, muryarsa ta riga shi isa.

A shekarar korona cutar ta kama shi. Ya yi makonni a asibiti da robar iska a hanci, ba a ma barinmu mu gan shi. Da aka sallame shi muka yi abin da Zango ta saba: aka toya waina, aka raba sadaka, zaure ya cika da 'yan barka. A wurinmu wannan rana ita ce iyaka. Da an ci sadakarka ka warke ke nan, in ka sake cewa jiki ba daɗi to ka yi wa Allah butulci. Na nemi malamin da ya kafa wannan doka ban same shi ba, amma kowa na binta.

Jiki magayi. Daga ɗaki zuwa bakin famfo sai Yaya ya dafa bango. In aka gaishe shi, rabin amsa yake bayarwa, ya tsaya neman iska. Likita ya tura shi wurin kine, wato mai koya wa jiki aikinsa bayan ciwo, wata mata 'yar unguwar Tampuy mai taurin kai irin nasa. Ni na raka shi. Ta sa ya tashi ya zauna a kujera har ya fara haki, sannan ta kira shi Tonton, wato kawu da Faransanci, ta ce, "Ciwon ya tafi, amma ya bar maka aiki. In ka shiga ƙarƙashin dila yanzu, asibiti za a maido ka."

Ta koya masa jan numfashi ta hanci, ya sake shi a hankali kamar mai hura kunu. Ta ba shi kwalbar ruwa da siririyar roba ya riƙa hurawa. Ta ce ya yi tafiya kullum, amma da ya ji magana ta gagare shi ya tsaya, don wanda ya matsa wa kansa baya zai koma. Sannu ba ta hana zuwa, in ji ta da Faransancinta, mu ma muna da ita da Hausarmu.

Wani zai shige ƙurya ya yi abinsa. Yaya kuwa sai ya fito da benci ƙofar gida. Ƙaton mutum mai furfura a gemu yana hura kwalba, ruwa na ɓulɓul, masu wucewa na ƙunshe dariya. Ni kaina na ce masa ya shigo ciki mana. Ya ce ɗaki ba iska, kuma shi ba sata yake yi ba.

Kawunmu Isa ya zo takanas. Ya ce, "Garba, an yi maka barka, an ci sadaka. Me kake jira kuma? Mutane na magana."

Yaya ya jira numfashinsa ya daidaita, ya ce, "Kawu, na gode wa Allah, kuma ina kan gode masa. Amma ba zan yi masa ƙarya ba. Ranar da zan ɗauki dila in amsa gaisuwa har ƙarshenta, ran nan zan koma."

Kasuwa ba ta jira. 'Yan kasuwa suka ba Mamman Dogo shugabancin, mutumin da Yaya ya koya wa naɗa gammo da hannunsa. Ban ga laifin Mamman da ya karɓa ba, kowa na da bakunan ciyarwa. Laifinsa shi ne sunan da ya laƙaba wa Yaya, wai Sarkin Kwalba, sunan da ya zagaya daga kasuwa har unguwar Dapoya. Ranar da labarin ya iso gida Yaya bai ci tuwo ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ni ma haka. Washegari ya sake fito da bencinsa.

Damina ta wuce yana abu ɗaya. Daga kwalba ya koma ɗaukar bokiti rabi, daga nan cikakke, daga nan buhun masara a tsakar gida. Wata rana a ci gaba, wata rana ya wuni kwance yana tsaki. Sai rannan da safe ya ɗauki gammonsa. Na rufe keken ɗinkina na bi shi.

Ya shiga layi a matsayin ɗan dako kamar kowa, a ƙarƙashin Mamman. Aka ɗora masa dila. Wani tsohon mai shago ya tare shi da gangan: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ƙarfin jiki, ya bayan rabuwa. Yaya ya tsaya da kayan a wuya ya amsa su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tambayi tsohon lafiyar mutanen gidansa su ma. Ban yi guɗa ba don kar ya ce na kunyata shi, amma na yi kuka.

Kusan shekara biyu ya yi yana dako bayan haka. Mota ce ta yi ajalinsa, ta buge shi a kan kekensa, a ranar da ya sauke kaya da safe. To wane ciwo ne ya kayar da shi?

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu mutanenmu na zuwa wurin kine ba kunya, amma don gwiwa da ƙugu. Ƙirji kuwa har yanzu sirri ne. Birkila ko direba zai fito asibiti, a ci wainarsa, ya koma aiki yana haki a ɓoye, in an tambaye shi ya ce lafiya lau. Yaya ba mai wa'azi ba ne. Na san matsawa kawai zai yi a kan benci ya ba mutum wuri.

Bai bar gida ba, bai bar shago ba, shugabancin ma bai dawo masa ba. Abin da ya bari na gan shi watan jiya. Matar Mamman Dogo ta shigo shagona, ta jira masu ɗinki suka watse, ta yi ƙasa da murya. Wai ciwon ƙirji ya kwantar da maigidanta, an sallame shi, an yi sadaka, amma ko alwala haki take sa shi. Ko na san inda Madam ɗin nan take, kine ɗin da ta duba Yaya? Kuma don Allah kar kowa ya ji.

Na kwatanta mata wurin tsaf, na yi masa addu'ar samun sauƙi, da zuciya ɗaya kuwa. Da ta kai bakin ƙofa na ce, "Ki gaya wa Mamman ni ba zan faɗa wa kowa ba. Amma ki gaya masa Garba bai ɓuya ba."