Gadon Asibitin da Yaya Sabo Ya Ƙi Hawa

Da damunar bana Yaya Sabo ya cika shekara talatin da barinmu. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mai gyaran keke a bakin kasuwar Azare. Mu bakwai Inna ta haifa, ta binne biyar, muka rage ni da shi. A lokacin tana ƙauyenmu Zadawa, tsufa ya ci idonta ya bar mata kunne, kuma addu'arta kullum guda ce: Allah kada ka nuna mini na shida.

Ciwon ya faro da tari, har ta kai ba ya iya barci sai a jingine da bango. Likita ya ƙwanƙwasa bayansa, ya ce ruwa ne ya taru ya danne huhu, za a ba shi gado. Yaya ya ce atafau. Raina ya ɓaci, na ce, "Haba Yaya, wannan wane irin taurin kai ne?" Ya ce, "Kai yaro ne. Yau na hau gadon nan, gobe 'yan dubiya sun cika, jibi wata ta je yi wa Inna sannu." Gaskiyarsa. A wurinmu ciwon da ba a kwantar da mai shi ba, ba a lissafa shi cikin ciwo. Amma da an ce an ba wane gado, zumunci ya wajabta a kai labari har ƙauye.

Likitan ya yi faɗa har ya gaji, sannan ya yarda a riƙa zuƙe ruwan Yaya ya koma gida a ranar. Ni ke kai shi a babur da safe. Zai zauna ya rungume matashi a kan tebur, a kashe wurin, a soka allura tsakanin haƙarƙari ta baya. Ruwan ya riƙa gangarowa cikin kwalba, launinsa kamar man gyaɗa. Ni da na zo rakiya ne nake kau da kai, shi kuwa yana yi mini tsiya, wai ragon namiji. Kafin la'asar muna gida.

Washegari, tun numfashin bai sake tsukewa ba, sai ya hau mota zuwa Zadawa. Daga zaure zai kwaɗa sallama da ƙarfi, ya zauna Inna ta yi masa faɗan goro, ya yi dariya. Ba ya kwana, don da dare tarin ke tona asiri. Ruwan kuma ya koma taruwa, mu koma asibiti. Wallahi na sha kuka a kan babur ɗin nan, yana bayana bai sani ba.

Yanzu an ce ana duba wurin da na'ura kafin a soka allura, wasu har a bar musu siririyar roba su riƙa zubar da ruwan a gida. Da Yaya ya yi murna da wannan. Wayar hannu ce dai da ba za su shirya ba. Yau kafin mutum ya sauka daga teburin likita, hotonsa ya riga shi isa ƙauye. Zamani riga ne, an ce, amma wannan da ta matse shi.

Inna ta rasu da bazara, cikin barcinta. Bayan sadakar bakwai na kai shi asibiti kamar yadda muka saba. Da aka gama zuƙar ruwan na miƙa masa rigarsa, bai karɓa ba. Ya dubi likita ya ce, "Gadon nan fa, da sauran wuri?" Ruwan sama na fari ya same shi a kan gadon, bai ga girbi ba.

Har gobe ban san ko da ya kwanta tun farko da ya ƙara kwana ba. Ajali ba ya jira, ba ya kuma gaggawa. Bai bar gida nasa na kansa ba, rumfarsa ma tuni wani ya mai da ita shago. Abin da na sani shi ne Inna ta tafi lissafinta yana biyar. Allah ya jiƙansu, ya haɗa su a inda babu tari.