Kilishin Granada

Na dawo daga wanke hannu ke nan na tarar da Inna tana tauna, ɗan farantin da ke gabanta ya kusa ƙarewa.

Kwana huɗu muna yawo a Granada ta ƙasar Sifen, ba inda muka ci abinci sai na ga an rubuta halal a ƙofa. Ran nan zafi ya ishe mu, muka shiga wani restora, gidan abinci, shan lemo kawai. Ashe a garin in ka sayi abin sha, sai su haɗo maka da abin taɓawa kyauta.

Jan nama ne, an yanka shi fale-fale.

"Inna, me kika ci?"

"Kilishinsu ne, Hadiza. Ba yaji, ba ƙuli, amma bawan Allah ya kawo da hannunsa, sai in mayar masa? A Garwa haka muke yi wa mutane?"

Na zagaya na tambayi garson ɗin da ya kawo farantin da Faransanci. Alade ne.

Gobe za mu tashi, kuma yau tun safe take cewa in sayo mata irinsa na tsarabar maƙwabta. Na san Allah ba ya kama wanda bai sani ba, amma na san Inna.

Jama'a, in faɗa mata ko in haɗiye?