Reshen da Yaya Ya Kafa a Bakin Rafi

Ina kan keken ɗinki wayar ta shigo. Surukata ce daga Randagi, inda matata ta je goyon ciki. Ruwa na dukan kwanon shago, da ƙyar na ji abin da take cewa: "An sauka lafiya. Namiji ne."

Ban san lokacin da na fita ba, takalmi a ƙafa ɗaya. Na sami yayana a tasha, ya fake cikin akori-kurarsa yana cin gyaɗa. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, kuma a daminar nan ya fara koya mini tuƙi. Na faɗa masa an haihu, ya dube ni sama da ƙasa.

"To, baban jariri, ina ɗaya takalmin? Shigo."

Muka bar Birnin Gwari ruwa na zuba. Ya kunna fitila da rana tsaka, yana lallaɓa motar, ni kuwa ina goge gilashi da hulata saboda ya ga hanya. Ina ta jero sunayen da zan raɗa wa yaron, yana soke su ɗaya bayan ɗaya yana dariya. Burina in yi wa ɗana huɗuba da bakina a ranar, kada wani ya riga ni.

Sai muka iso wani rafi da ba shi da gada. Ruwan sama ya ɗauke, amma rafin ya cika, ja wur, yana tafe da rassa. Masu babura sun yi cirko-cirko a bakinsa.

"Yaya, ruwa ya tsaya, mu wuce mana!"

"Nan ne ya tsaya. Wanda aka yi cikin daji yanzu yake isowa."

Ya karyo reshe ya kafa a laka, daidai inda ruwan ya kai. Ya ce in ruwa ya haura reshen, juyawa gida za mu yi, domin ba mai son yamma ta yi masa a wannan hanya. In ya janye, sai mu gwada. Na tsuguna gaban reshen nan, ko ƙiftawa ba na yi.

"Kallonka ba zai shanye rafin ba, malam tela," in ji shi.

Ruwan ya yi ta lasar reshen. Can sai laka ta bayyana tsakaninsu, kamar faɗin yatsa, sannan kamar tafin hannu. Na yi tsalle na yi kabbara, masu babura suka kwashe da dariya, wani ya ce, "Lallai haihuwar fari ce!"

Duk da haka Yaya bai tayar da mota ba sai da ruwan ya ƙara sauka. Ya naɗe wando, ya shiga da sanda yana dogarawa har tsallake, ya dawo. Ruwan iya ƙwauri. Ya sa muka sauke gilasai, ya saka giya ta ɗaya.

"Dubi ƙafata. Ba ƙari, ba ragi. Ba a canza giya a tsakiya, ba a tsayawa."

Motar ta shiga tana gurnani, ruwa na bugun cikinta, ni ina salati da ƙarfi. Da muka haura, ya riƙa taka birki a hankali har ya bushe ya fara kamawa. Sannan ya buga mini kafaɗa.

Da muka isa Randagi, na yi wa ɗana huɗuba ƙafafuna duk laka. Yaya ya karɓe shi ya daɗe yana kallonsa. Ya ce da ni damina mai zuwa ni zan tsallake da mu, shi yana gefe yana cin gyaɗarsa.

Da rani Yaya ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Allah ya jiƙansa. Motar tana nan ƙarƙashin mangwaron gidanmu, nakan fita da ita in gari ya bushe. Tuƙin cikin ruwa ne bai gama koya mini ba.