Sojan da Isufu bai rufe wa fuska ba

Da daminar bana shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Isufu, mai fentin motoci a Kosodo, wanda duk Zongon Wagadugu aka fi sani da Janar. Ba soja ba ne, ko kusa. Kazar Sallah ma sai an kira maƙwabci ya yanka masa. Sunan ya samo shi ne daga wata runduna da ya ƙarar da rabin rayuwarsa yana ƙerawa, sojoji 'yan mitsi-mitsi da ba su wuce tsawon babban yatsa ba, waɗanda a cewarsa suke yaƙi a wata duniya can bayan taurari. Rundunar tana nan cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona. Ɗansa Nasiru kuwa, wanda riƙonsa ya dawo hannuna bayan uwarsa ta yi wani auren ta koma garin Bobo, yana can arewa sanye da kakin gaske, kuma tun saukar ruwan fari wayarsa ba ta shiga. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, ni da na fi sabawa da almakashin yankan atamfa a kasuwar Sankaryare.

Wani Bature ne ya ja mana wannan jidali. Isufu ya yi masa fentin mota, da zai koma ƙasarsu sai ya bar masa wani kwali mai 'yan sojojin roba a ciki, da littafin ƙa'idojin wasan da Faransanci. Isufu da aka sha fama da shi kafin ya gama firamare, sai ga shi ya karance littafin nan har bangonsa ya rabu. Sojojin kwalin ba su isa a yi yaƙi da su ba, kuma duk faɗin garin nan babu mai sayar da irinsu, don haka ya shiga ƙera nasa. Tsohon bujin moto, wato filogin babur, cikin mataccen rediyo, wayar birki, murfin kwalba, duk ba su tsira ba. Jiki da kai yakan murza su da mastin da ake cike lotsewar mota da shi. Burushinsa gashin jelar akuya ne ɗaure a tsinken tsintsiya. In ka bi shi hanya sai ka gaji da tsayuwa, domin magidanci guda mai mata da ɗa, ba ya iya wuce juji bai duƙa ba.

Babanmu Alhaji, Allah ya jiƙansa, falken goro ne tun kakanni, kuma mutum ne da ba ya maimaita magana. Ranar da ya leƙa ɗakin Isufu ya ga layin 'yan mutane a kan taga, cewa ya yi gidansa ba ɗakin gumaka ba ne, kuma ba zai zuba ido a kore masa mala'iku da tarkacen juji ba. Har an fara neman kalanzir. Limamin unguwarmu ne ya shiga tsakani, aka yi ta jan magana, a ƙarshe Baba ya yanke sharaɗi guda: duk wanda zai kwana a gidan nan daga cikinsu, kada a ga masa ido ko hanci ko baki. Isufu ya ce ya ji. Ya ce ai dama a duniyar da suke yaƙi babu iskar shaƙa, dole kowa ya rufe kansa. Daga ranar kowane soja ya sami hular kwano mai rufe fuska ruf, wasu da murfin biro, wasu da murfin bakin tayar moto.

Na daɗe ina zaton magana ta ƙare a nan. Wata rana da azahar na kai masa fura, na same shi ya duƙufa a kan wani kai da bai fi ƙwayar wake ba, yana ɗiga masa ido. Ya yi hanci, ya yi leɓe, har da wata 'yar tsaga a kunci. Ya hura ya bushe, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya shafa gam ya kifa hula a kai, ta rufe har abada. Na ce masa wannan wace irin asarar fenti ce, aikin da babu mai gani?

"Yaya, Baba ya ce kada a gani, kuma ba a gani," in ji shi. "Amma ni na san tana ciki. Wanda ya san akwai fuska a ƙarƙashin hula ba ya tura mutum gaba da garaje."

Na yi dariya na ce Allah ya shirye shi. Ni ba mai fatawa ba ce, ban san ko dabarar tasa ta karɓu ba, kuma ban kai ƙara wurin Baba ba.

Ranar Lahadi bayan la'asar ake yaƙin. Tsohon ƙyaure ake kwantarwa a kan duro biyu a tsakar gida, a zuba jar ƙasa a yi tuddai, a jera gwangwanayen tumatir a ce hasumiyoyi ne. Kowa ya shirya rundunarsa a gefensa. Da ma'aunin tela ake auna iyakar inda soja zai taka, a jefa ƙwayar lido ta faɗi ko harbi ya samu, wanda ya faɗi a ɗauke shi a ajiye gefe. Abokin karawarsa Rasmani ne, wani Bamoshe, ɗan asalin ƙasar nan, makanike daga unguwar Tampuy, wanda shi ma ya kamu da cutar. Abin dariyar shi ne, Janar ɗin namu kusan kullum shi ake ci. Da zarar wuta ta yi zafi sai ya ja mutanensa baya, ya ɓoye su bayan gwangwani. Rasmani yakan ce tunda yake bai taɓa ganin janar mai iya gudu irin wannan ba, yaƙi ɗan zamba ne, sai ka ba da goma ka ci gari. Isufu sai ya ce to ya ci garin, shi dai zai kwashe yaransa su koma akwati da ƙafarsu.

Da Nasiru ya tasa ya karɓi gefe guda na ƙyauren, kuma hannun Rasmani ya ɗauko, ba na ubansa ba. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to wannan ɗan gudunsa gaba ne, na uban baya. Ina tuna ranar da ya tura sahu guda cikin wuta don ya kama hasumiyar tsakiya, ya kama kuwa, yana ta tsalle. Uban ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda suka faɗi, ya sa tsinin wuƙa ya ɓamɓare hular, ya miƙa masa. Fuskar mai shayin bakin layinmu ce sak, har da wushiryarsa. Ya ce, "Ka ci. Ga wanda ka biya da shi." Wannan kaɗai ne karon da na ga Isufu ya buɗe hular da ya rufe.

Mutumin da ya sa wa runduna guda hular kwano, shi kansa bai taɓa sa ta ba. Nauyi take masa, in ji shi, ga zafi. A hanyar dawowa daga Kosodo wata babbar mota ta goge motonsa, kansa ya bugi bakin kwalta, ko asibiti ba a kai ba. Har yau in na tuna wannan, haushinsa nake ji kafin tausayinsa ya zo. Amma an kawo mana shi gida. Kafin a ja likkafani an kira ni, na duƙa na kalli fuskarsa, na ga ɗigon koren fenti a bayan kunnensa da wanka bai fitar ba. A lokacin ban san cewa wannan kallon wata ni'ima ce da za a zo ana nemanta a rasa ba.

Lokacin da ya rasu, labarin tashin hankali daga nesa muke jinsa, kamar ana ba da labarin wata ƙasa. Yanzu gani ya kori ji. Mutanen da suka baro garuruwansu sun cika gefen gari, direbobin da ke kawo mana kaya daga Nijar sai sun yi sallama da iyalinsu kamar masu tafiya Hajji a ƙafa. Isufu ya taɓa ƙera wasu jirage marasa matuƙi da fiffiken fankar rediyo, muka yi ta yi masa tsiya wai jirgi ba direba sai a mafarkin mai fenti. Yau yaro ma ya san ƙararsu. Nakan tambayi kaina, da yana raye zai yi alfahari ya ce ai na faɗa muku? Ban yi zato ba. Ina jin da ya naɗe ƙyauren nan ya jingine shi, don ban ga yadda zai iya jefa ƙwayar lido a kan wa zai faɗi ba alhali ana zaman makoki a gida na uku daga namu.

A gidan nan na uku, ɗan maƙwabciyata ne ya tafi bai dawo ba. Can aka yi masa sutura, labari kawai ya iso. Mun je gaisuwa, duk wanda ya shigo sai ta riƙe hannunsa ta tambaye shi ko ya san wani da ya ga fuskar yaron. Ba ta tambayi yadda aka yi ba, ba ta tambayi wa ya yi ba. Ba a sami wanda ya gani ba. Na dawo gida na zauna a bakin gado, ƙafata tana taɓa akwatin Isufu, na rasa abin da ke mini daɗi.

Rasmani yakan biyo ta rumfata jefi-jefi, ya yi furfura yanzu. Shi ya gaya mini wai an sami wasu samari a Tampuy masu injin da ke fitar da irin sojojin nan, ka ba shi hoto ya zubo maka runduna kafin ka gama shan shayi. Ya ce sun yi kyau ƙwarai, sun fi na Isufu tsafta. Sai dai ya fasa guda don ya gani, ya tarar hular da kan abu ɗaya ne, roba ce har ciki. Shi kansa ya daina wasan. Samarin unguwa kuma a cikin waya suke nasu yaƙin, a harbe mutum ya tashi ya ci gaba. Ban ce laifi suke yi ba, kowane zamani da abin wasansa.

Ba na son mai karatu ya ɗauka Nasiru wauta ce ta kai shi. Amininsa, yaron mota, a kan hanya aka tare su aka kashe. Bayan sadakar bakwai ya zo ya durƙusa a gabana ya ce ya ba da sunansa a aikin soja. Na yi faɗa, na yi kuka, na kawo masa maganar abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Gwaggo, in kowa ya ce ɗansa ba zai je ba, wa zai je?" Wannan ce tambayar da na fi so in ji Isufu a kanta. Zai hana shi? Ko zai ce je ka, Allah ya haɗa ka da shugaban da ya san akwai fuska a ƙarƙashin hularka? Na san ƙanena ciki da bai, amma a nan ban san bakinsa ba, kuma rashin sanin yana cina.

Ana gobe Nasiru zai tafi, da hantsi, ya jawo akwatin ya buɗe. A can sama, naɗe cikin ƙyallen atamfa, akwai sojan ƙarshe da uban yake aiki a kansa makon da ya rasu. An gama jiki, an gama fuska, hular tana gefe ba a kifa ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu magana. Wannan fuskar tana da ɗan tabo a girar hagu, daidai inda Nasiru ya fashe da ya faɗo daga katanga yana ƙarami. Rasmani ya duba daga baya ya ce shi bai ga wata kama ba, ƙila burushi ne ya zame. Ni dai na gani.

Nasiru ya fita ya sayo gam, ya ce bari ya ƙarasa wa babansa aikinsa kafin ya wuce. Har ya ɗauki hular na riƙe masa hannu.

"Bar shi haka," na ce. "Ka je ka dawo, ka rufe da hannunka."

Ya yi murmushi irin na ubansa ya ce, "Ça va aller, Gwaggo, komai zai daidaita." Ya ajiye gam ɗin a kan taga.

To me ya rage na Isufu bayan shekara bakwai? Motocin da ya yi wa fenti sun koɗe, wasu an yanka su an sayar da ƙarfen. Sunan Janar ma yaran yanzu ba su san mai shi ba. Rundunar tana cikin duhu, tsatsa ta fara cin ƙafafun wasu, kuma ban san wanda zai so ta bayana ba. Abin da na ga ya rage shi ne wannan taurin kan nasa, na zama ya zana wa kowa ido da baki ko da babu mai gani, da kuma yarda a ci shi wasa a kan ya yi asarar mutum guda. Da muna kiran abin shirme. Yanzu in na ji an ce mutum kaza sun faɗi a wuri kaza, sai in kama kaina ina yi musu fuskoki ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ya barina in ci abinci. Gadon da ya bar mini ke nan, ban roƙa ba. Allah ya jiƙanka Isufu, ya yafe maka, ya sa ka huta.

Sojan nan na ƙarshe ban mayar da shi akwati ba. Yana kan kabad ɗina, fuska a buɗe, a cikin gidan da Baba ya ce kada a ga ido ko hanci ko baki. In zan yi salla nakan fitar da shi zaure, in na sallame in dawo da shi, ina neman gafarar Allah da ta Baba. Hular tana cikin wani ɗan gwangwani kusa da shi. Gam ɗin da Nasiru ya bari a kan taga ya bushe tun kafin azumi, na sayi wani na ajiye. In shi ma ya bushe zan sayi wani.